Rana Tafe Take Ko Tsaye?

Harshen Hausa ya yanke hukunci a kan wannan tambaya tun ba a yi ta ba. Rana takan fito, ta ɗaga, ta take tsaka, ta gushe, ta yi sanyi, daga nan ta faɗi. Duk aikin da aka jingina mata na matafiyi ne, wanda ya yi sammako daga gabas ya nufi masaukinsa a yamma. Faransanci ma bai tsira ba, domin a cikinsa rana tashi take yi da safe, ta kwanta da maraice. Ba a san wani malamin kimiyya da ya taɓa ce wa iyalinsa su yi haramar shan ruwa saboda ƙasa ta kusa juya baya ga rana ba. Shi ma cewa yake yi rana ta kusa faɗuwa.

Gardamar takan shigo gida ne ta bakin ɗan makaranta. Yaro ya dawo daga kwaleji da la'asar, ya tarar da kakansa yana jan tabarma yana bin inuwar bedi, yana cewa rana ta juyo. Sai yaro ya ce: "Kaka, rana fa ba ta juyowa. Tsaye take wuri guda, mu ne muke juyawa." Tsoho ya dube shi ya ce: "To, abokina, in mu ke juyawa, yaya ƙofar gidan nan take duban gabas tun ina yaro?" Tsakanin jika da kaka akwai wasa, saboda haka zancen yakan ƙare da dariya. Amma idan a gaban mahaifi aka yi shi, ko a gaban malamin allo, yakan bar tabo: yaro ya tashi da zaton manyansa cikin duhu suke, su kuwa manyan su tashi da zaton boko ya zo ne ya koya wa ɗansu ƙaryata abin da ido ya gani. Abin da ya sa al'amarin ya cancanci a zauna a kansa shi ne, jimlar da yaron ya ɗauko daga aji, wadda ya raina kakansa saboda ita, ita ma ba daidai ba ce.

Kafin a kai can, ya kamata a ba ido haƙƙinsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma abin da tsoho ya gani ba mafarki ba ne. Manomi ya san da damina rana takan fito ta gabas maso arewa, da sanyi kuwa ta koma gabas maso kudu. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, akwai ranakun da inuwar mutum takan shige ƙarƙashin ƙafarsa da tsakar rana, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa. Ladan ya san zawali da gushewar inuwa, ya san shigar la'asar da tsawonta. Wannan sani ne na gaske, an tara shi da lura ta shekaru aru-aru, kuma ana shuka da shi, ana salla da shi, ba a ɓata ba.

Manyan masana ma a kan wannan ra'ayi suka zauna. Batlimus, wanda ya yi aikinsa a Iskandariya ta Masar cikin ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ɗora lissafinsa a kan cewa ƙasa tana tsaye a tsakiya, rana da wata da taurari suna kewaya ta. Ya san an taɓa faɗin akasin haka, domin Aristark na tsibirin Samos ya riga shi da ƙarni 4, yana cewa ƙasa ce ke kewaya rana. Amma hujjojin da aka ƙi maganar da su ba na wauta ba ne. In ƙasa tana juyawa da irin wannan gudu, me ya hana a bar tsuntsaye da gizagizai a baya? In kuwa tana yin doguwar tafiya a kewayen rana, me ya sa taurari ba su ɗan sauya wuri ga mai kallo tsakanin rani da damina, kamar yadda itatuwan kusa ke gocewa ga mai tafiya? Tambayar tsoho game da ƙofar gidansa ƴar uwar waɗannan ce.

An fassara littafin Batlimus zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9, masanan Musulunci suka yi ta gyara shi suna sukarsa. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya duba maganar wasu masanan Indiya cewa ƙasa ce ke juyawa a kan kanta, ya lura cewa lissafin taurari yana iya fita daidai ko da wanne aka ɗauka cikin ra'ayoyin biyu, ko da yake shi kansa ya zauna a kan tsayuwar ƙasa. Ibnu Shaɗir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa cikin ƙarni na 14, ya tsara lissafin tafiyar wata wanda daga baya aka sami irinsa a aikin Kopernik. Wannan batu ya cancanci malamin boko ya riƙe shi: akwai zamanin da masallaci ke ɗaukar masanin taurari aiki.

A 1543 littafin Kopernik ya fito, ya zaunar da rana a tsakiya, ya sa ƙasa cikin jerin duniyoyi masu kewaya ta. A cikin aji akan ba da labarin kamar a ranar ce gaskiya ta bayyana, kowa mai hankali ya sallama. Ba haka aka yi ba. Kopernik ba shi da wata shaida da za a nuna wa ido. Abin da ya kawo tsari ne da ya fi na da haɗuwa da juna. A 1610 Galile ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga watanni 4 suna kewaya Mushtari, ya kuma ga Zara tana cika tana raguwa kamar wata, abin da ya rushe tsarin Batlimus, amma bai tabbatar da motsin ƙasa ba tukuna. Gocewar taurarin nan da magabata suka nema suka rasa, sai a 1838 Friedrich Bessel ya iya auna ta ga tauraro guda, saboda nisan taurari ya wuce duk abin da aka zata, gocewar kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Sai kuma a 1851 Léon Foucault ya rataya dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 28 a waya mai tsawon mita 67 cikin ginin Panteyon a Paris, ya sake shi yana lilo, jama'a suka ga layin lilon yana karkata sannu a hankali saboda daɓen da ke ƙarƙashinsa yana juyawa tare da ƙasa. Daga Kopernik zuwa wannan rana shekara 308 ke nan.

Abin da ya ɗauki masanan Turai shekara 300 kafin su kawo hujjarsa, shi ake so tsoho ya karɓa cikin yammaci guda daga bakin jikansa, ba tare da hujja ko ɗaya ba. A nan akwai tambayar da ba ta da daɗi: shi malamin da ya rubuta jimlar a allo, ta yaya ya san ta? Galibi a littafi ya karanta, ya yarda da waɗanda suka rubuta. Wannan ba aibi ba ne, domin ba mai iya auna kome da kansa, kuma yawancin abin da ɗan Adam ya sani ji ya yi daga amintattu. Aibin yana zuwa ne lokacin da mai ji ya manta cewa ji ya yi, ya shiga yi wa mai gani dariya. Tsoho aƙalla da idonsa ya shaida abin da yake faɗi.

To, rana tana tsaye? Ba ta tsaye, kuma masana sun san haka tun da daɗewa. Galile da kansa, da ya bi baƙaƙen tabon da ke fuskar rana kwana bayan kwana, ya ga suna ratsa ta daga gefe zuwa gefe, ya gane tana juyawa a kan kanta. Yau an san tsakiyarta yana cika juyi cikin kwana 25 ko kusa da haka, wajejen ƙuryoyinta na arewa da kudu kuwa sai sun kai kimanin kwana 35, domin ita ba dutse ba ce, tarin iska ce mai tsananin zafi. A 1687 Niyuton ya bayyana cewa jan da rana ke yi wa duniyoyi, su ma suna yi mata irinsa. Duk wanda ya kalli kokowa ya san ko ƙaton ɗan kokowa ya kama ƙarami yana wujijjiga shi, shi ma sai ya sauya ƙafa. Mushtari, wanda nauyinsa ya kai kimanin kashi 1 cikin 1000 na nauyin rana, ya isa ya sa ta yi ɗan kewaye a gefen wani wuri da ke dab da bayan fatarta, cikin shekara 12 ko kusa. Da irin wannan tangaɗi ne Michel Mayor da Didier Queloz suka gano, a 1995, wata duniya tana kewaya wani tauraro mai kama da rana: ba su ga duniyar ba, tangaɗin tauraron suka auna.

Wannan duk motsi ne na cikin gida. Tafiyar waje William Herschel ne ya fara hango ta a 1783. Mai shiga kurmi yakan ga itatuwan gabansa suna buɗewa, na bayansa suna haɗuwa. Herschel ya lura taurari suna yin haka, ya ce rana da ayarinta sun dosa wani sashe na sama. Daga baya, a 1918, Harlow Shapley ya nuna cewa rana ba ta tsakiyar babban garken taurarin da take ciki, wannan farin zane da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda Larabawa ke kira Majarra. A 1927 Jan Oort ya kawo shaidar cewa garken gaba ɗaya juyawa yake yi. Taurarinsa sun haura miliyon dubu 100, rana ɗaya ce daga cikinsu, tana nesa da cibiya da tafiyar da haske zai yi cikin shekara dubu 26 ko kusa da haka, alhali daga rana zuwa ƙasa minti 8 da ɗoriya ya ishe shi. Tana kewaya wannan cibiya da gudun kimanin kilomita 230 cikin kowane sakan, watau daga Yamai zuwa Maraɗi cikin sakan 3, tana jaye da ƙasa da wata da dukan sauran duniyoyinta. Duk da wannan gudu, kewaye guda yana cin wajen shekara miliyon 230.

Akwai abin mamaki a shari'ar da aka yi wa Galile a Roma a 1633. Maganar da aka tilasta masa ya janye kashi biyu ce: cewa ƙasa tana motsi, da cewa rana ita ce cibiyar duniya kuma ba ta motsi. Kashi na farko gaskiya ne, na biyu kuwa kuskure ne. Shin alƙalansa sun ci rabin shari'a ke nan? Ko kusa. Ba don sun hango Majarra suka hukunta shi ba. Sun hukunta shi ne don ya saɓa wa abin da suka saba, kuma motsin da suke nufi ga rana shi ne na fita da faɗuwa. Wanda ya yi daidai a lafazi bisa dalilin da ba daidai ba, ba a ce ya sani. Cocin Katolika kanta, ta bakin Paparoma Jean-Paul na 2, ta amsa a 1992 cewa an yi kuskure a wannan shari'a.

Wannan ya kawo zance ga jarrabawa ta biyu, wadda ta fi ta farko daɗin faɗawa. Da zarar an ji kimiyya ta ce rana tana tafiya, sai wani ya tashi ya ce ashe tsoho ne da gaskiya tun farko, Turawa sun yi yawonsu sun dawo inda kakanni suke, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Maganar tana sanyaya zuciya, musamman ga mutanen da aka daɗe ana gaya musu cewa ba su san kome ba. Sai dai ba gaskiya ba ce. Tafiyar da tsoho ke gani daga gabas zuwa yamma, juyin ƙasa ne ke haifar da ita, kuma a daidai Maraɗi ƙasa tana ɗauke da shi da tabarmarsa da bedinsa da gudun da ya haura kilomita 1600 a awa. Fitar rana ta arewa da damina, ta kudu da sanyi, ya zo ne daga karkatar ƙasa da digiri 23 da ɗoriya yayin da take kewaya rana da gudun kilomita 30 a sakan. Tafiyar rana cikin Majarra kuwa ba idon da ya taɓa ganinta, kuma ba ta da hannu a asuba ko almuru. Kalma guda ce, tafiya, aka sa wa abubuwa biyu dabam. Girmama tsoho ta hanyar ɗora masa sanin da bai yi da'awarsa ba wani nau'i ne na raini, irin yabon da akan yi wa yaro don a rabu da shi.

Haka nan ga masu gaggawar ɗaure ayar Alƙur'ani da alƙaluman masana. An san a cikin Suratu Yasin an ambaci gudanar rana, kuma malaman tafsiri sun yi bayaninta ƙarnoni kafin a ƙera madubin hangen nesa. Wannan fage nasu ne, da ƙa'idojinsa. Abin lura kawai shi ne alƙaluman kimiyya ana gyara su, kuma gyaran shi ne lafiyarsu. A 1985 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tsayar da kilomita 220 a sakan a matsayin gudun rana, bayan an daɗe ana aiki da 250, sannan awon da aka yi daga baya ya sake ɗaga shi kaɗan. Mai imani da ya rataya yaƙininsa a kan adadin bana, me zai yi baɗi in adadin ya sauya? Shi kuma ɗan boko da ke ɗaukar labarin Galile ya mai da shi sandar dukan malaman zaure, ya ɗauko rigimar Roma ta ƙarni na 17 ya sauke ta a gidan da ba nata ba.

Asalin matsalar tana cikin tambayar kanta. Duk wanda ya taɓa zama cikin mota a tasha, wata motar tana gefenta, ya san lokacin da akan rikice: ɗaya ta motsa, fasinja ya kasa sanin tasu ce ta tashi ko ta maƙwabta, sai ya waiwaya ya dubi rumfar mai shayi. Ba a cewa abu yana tafiya sai an ce daga me. Mai barci a cikin mota tsaye yake ga kujerarsa, tafe yake ga itatuwan bakin hanya, kuma duka biyun gaskiya ne. Galile ya kawo irin wannan misali da jirgin ruwa a 1632, ya amsa tsohuwar tambayar tsuntsaye da gizagizai: ba a bar su a baya ba domin su da iskar da suke ciki duk fasinjoji ne. A sararin sama kuwa babu rumfar mai shayi. Ba a sami wani turke da aka kafa, wanda kome ke motsi shi yana tsaye ba. Majarra kanta tafe take, ita da maƙwabciyarta Andromeda suna kusantar juna da gudun da ya haura kilomita 100 a sakan. Ga ladan, rana tana fita tana faɗuwa, lissafinsa kuma daidai ne. Ga mai zana taswirar duniyoyi a allo, ya halatta ya tsayar da rana a tsakiya, domin ita ke riƙe da fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyin ayarin. Ga mai nazarin Majarra, rana matafiya ce cikin matafiya.

Kada a fahimci wannan da cewa kowa da gaskiyarsa, duk maganganu ɗaya ne. Wannan ragwanci ne da ya yi shigar hikima. Zaɓen inda za a tsaya a yi kallo yana hannun mutum, amma abin da ke jan wani ba ya hannunsa. Lilon Foucault yana karkata ko an yarda ko ba a yarda ba. A Paris yana cika kewayensa cikin awa 32 ko kusa, a Maraɗi kuwa, saboda kusancinta da tsakiyar ƙasa, sai ya haura kwana 4. Wanda ya ce ƙasa ba ta juyawa sam ya yi kuskure, wanda ya ce rana a kafe take a sarari shi ma ya yi kuskure. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ba makarantar da ta fi wata iya ɗaura shi.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, wata ya rufe rana ruf a wani zirin ƙasa da ya ratsa Gana da Togo da Benin da Najeriya, ya shigo Nijar ta wajejen Maraɗi da Damagaram, ya wuce hamada zuwa Libiya. An faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo. Akan kawo irin wannan a matsayin nasarar Kopernik, alhali masanan da suka ɗauka ƙasa a tsaye take su ma suna lissafin husufi, ko da yake ba da wannan ƙwarewa ba. Lissafi mai aiki abu ne guda, bayanin abin da ya sa yake aiki wani abu ne dabam, kuma ɗalibin da aka nuna masa wannan bambanci ya sami abin da ya fi jimlar hadda. Ba abin da ya hana mutum guda ya san mintin da duhun zai sauka, ya kuma tsaya sallar husufi idan ya sauka.

Abin da ke wuyan malami, ke nan, ya fi gyaran jimla ɗaya a littafi. In ya ce rana tana tsakiya, ya ƙara da cewa tsakiyar me. In ya ce ƙasa tana juyawa, ya ba yaro hujjar da zai iya kai wa gida, ya kuma gaya masa shekarun da aka yi ana nemanta, domin yaron da ya san Batlimus da Albiruni sun yi tunani irin na kakansa ba zai yi saurin kiran tsoho jahili ba. Tambayar ƙofa ma tana da amsa mai kyau, wadda ta cancanci a mayar wa mai ita cikin ladabi: ƙofar tana duban gabas har yau saboda gabas ba wani wuri ba ne da aka kafa a sama, ita ce fuskar da ƙasa ta dosa a juyinta, gida da ƙofa da bedi kuma tare suke juyawa.

Malamin da ke Yamai yana da wata dama da ba kowa ke da ita ba. A gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, irin waɗanda aka tono a Gadufawa cikin Tenere, inda Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960. Waɗannan dabbobi sun rayu wajen shekara miliyon 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna da kadoji. Wannan kusan rabin kewaye guda ne na rana a cikin Majarra. Ɗaliban da aka tsayar a gaban ƙasusuwan ana iya gaya musu cewa ranar da ta gasa bayan dabbar nan ita ce wadda ke jiransu a waje, amma a wancan zamani tana can ɗaya gefen garken taurari, ba ta ƙaraso nan ba tukuna.